Lafiyar ƙwaƙwalwar masu tawayar fahimta a Legas

Tawayar fahimta lalura ce da ke sa mutum jinkirin koyo da wahalar tafiyar da harkokin yau da kullum, kuma tun daga ƙuruciya take bayyana. Daga cikin abubuwan da ke jawo ta akwai doguwar naƙuda, shawarar jarirai, sanƙarau, ƙarancin sinadarin aidin, da lalurar Down, wadda ƙarin ƙwayar halitta ta 21 ke haifarwa. Ba taɓin hankali ba ce, ko da yake a unguwanni irin su Agege da Idi-Araba har yanzu ana jin masu cewa "dolo" ko "ɗan ruwa".

Mai wannan lalura yana baƙin ciki da fargaba kamar kowa, sai dai sau da yawa ba ya iya faɗa da baki. Damuwarsa a ɗabi'a take fitowa: ya ƙi cin tuwon da ya saba so, ya daina barci, ya riƙa cizon hannunsa. Kuskuren da aka fi yi, har a wajen wasu ma'aikatan lafiya, shi ne a ce "ai haka Allah Ya yi shi". Alhali sauyin hali na farat ɗaya yakan nuna ciwon haƙori, farfaɗiya, cin zarafi ko ciwon damuwa. Ga mai lalurar Down, raunin aikin halittar nan ta maƙogwaro da ake kira "thyroid" ma yakan yi kama da damuwa.

Rasuwa ta fi komai wuya. Idan uwa ta rasu aka ce masa ta tafi Kano, zai yi ta zaman jira a bakin ƙofa. Gara a gaya masa gaskiya da gajerun kalmomi, a bar shi ya zauna wurin ta'aziyya. Tsayayyen lokacin abinci da barci, zuwa masallaci tare da 'yan'uwa, da ɗan aike zuwa shago suna kwantar masa da hankali, musamman a gidan haya mai cunkoso.

A 2011 Legas ta kafa dokar masu buƙata ta musamman, wadda ta haifar da LASODA, hukumar jihar mai kula da harkokinsu. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba, wanda aka buɗe a 1907, yana da sashen yara da matasa a Oshodi.