Dokar shigar da dawaki Amurka: dalilin tsare lafiyayyen ingarma fiye da wata guda

Duk wanda ya sayi goɗiya ko ingarma a Turai yana son shigar da su Amurka, akwai dokar da ke jiransa a bakin iyaka. Tana sashe na 93.301 na kundi na 9 na ƙa'idojin gwamnatin tarayya, kuma hukumar APHIS, wadda ke ƙarƙashin ma'aikatar aikin gona, ita ke aiwatar da ita. Abin da take farauta shi ne cutar mahaifar goɗiya mai yaɗuwa, wadda likitocin dabbobi ke kira CEM a taƙaice.

Cutar ba ta kisa, ba ta kuma kama mutum. Bakteriya ce mai suna Taylorella equigenitalis ke haddasa ta. Kwanaki kaɗan bayan barbara sai a ga ruwa mai kauri, fari-fari mai ratsin toka, yana zuba daga farjin goɗiya yana ɓata mata gashin wutsiya. Cikin ba ya shiga, sai ta koma neman namiji tun lokaci bai yi ba. Yawanci babu zazzaɓi, tana cin abincinta lafiya lau. To ina abin tsoron? Yana wurin ingarma. Shi ba ya nuna alamar komai, amma ƙwayar cutar na iya zama cikin dauɗar da ke taruwa a al'aurarsa wata da watanni, har shekaru, yana raba ta ga duk goɗiyar da ya hau. Ita ma goɗiyar da ta warke a ido tana iya ci gaba da ɗauke da ita, har ma ta gadar wa ɗanta wajen haihuwa.

A 1977 aka fara gano cutar, lokacin da ta ɓarke a gidajen kiwon dawakin sukuwa na Newmarket a Ingila. Shekara ta zagayo, 1978, sai ga ta a jihar Kentaki ta Amurka. Dawakin sukuwa na jinsin Thoroughbred ba a yi musu rajista sai an same su ta hanyar barbara ta zahiri, ba ta ɗura maniyyi ba, don haka ingarma guda mai tashe na iya lalata wa masu kiwo da yawa haihuwar shekara sukutum.

Dokar ta shafi goɗiya da ingarma da suka haura kwana 731 da haihuwa, idan sun fito daga ƙasar da Amurka ta sa cikin jerin masu cutar. Ƙasashen Tarayyar Turai da Birtaniya suna cikin jerin. Tun kafin dokin ya taso sai an gwada shi a can cikin kwana 30 na ƙarshe, sakamako ya nuna babu komai. Wannan bai wadatar ba. Idan ya sauka, ya gama killacewar da ake yi wa kowane doki baƙo, sai a wuce da shi wata barga ta musamman da hukumar jiha ta amince da ita. Kuɗin duk wannan daga aljihun mai doki yake fita.

Na goɗiya ya fi sauƙi. Likita zai goga auduga a ƙananan ramukan da ke jikin ɗan tsakanta, domin nan ne ƙwayar ke ɓuya, sau uku daban-daban cikin kwana 12, da tazarar aƙalla awa 72 tsakanin kowanne. Idan ba ta da ciki, ɗaya daga cikinsu zai haɗa da bakin mahaifa ko cikinta. Ana kuma gwada jini. Daga nan a wanke wurin da maganin kilohezidin a shafa man kashe ƙwayoyin cuta kwana 5 a jere. Idan komai ya tafi daidai, kamar mako biyu zuwa uku ta fita.

Ingarma kuwa, gwajin auduga kaɗai ba ya wanke shi. Bayan an ɗauki samfur daga wurare daban-daban na al'aurarsa, sai a kawo goɗiyoyi biyu da aka riga aka tabbatar ba su da cutar, a sa ya hau su. Su ne ma'auni. Za a bi su da gwajin auduga a kwanakin da suka biyo baya, sannan a gwada jininsu bayan mako uku. Sai sun fita tsaf za a sallame shi, kuma wannan kan ci sama da wata guda. Wani zai ce an wuce gona da iri, amma ni dai ban ga haka ba, saboda halin ƙwayar. Ba ta jure zama a waje, dole samfurin ya isa ɗakin gwaji cikin awa 48 a wani sinadari mai haɗe da gawayi. Can ma a hankali take tsirowa, sai a jira ta mako guda, kuma sauran bakteriyar da ke cikin dauɗar kan rufe ta. Idan an ba dokin maganin kashe ƙwayoyin cuta kwanan nan, gwaji sai ya nuna lafiya alhali tana nan. Mahaifar goɗiya kuwa tana iya tona abin da gwajin auduga ya kuskure.

Abin da ya faru a Disambar 2008 ya nuna tsadar sakaci. An gano ƙwayar a jikin wani ingarma a Kentaki lokacin da ake gwada shi don a fitar da maniyyinsa waje. Kafin a rufe binciken an bi sawun dawaki fiye da 1,000 a jihohi 48, aka samu 28 ɗauke da ita. Yawancinsu ingarmu ne, kuma alamu sun nuna sun ɗauka ne a wuraren tatsar maniyyi, ta kayan aikin da ake amfani da su daga wannan doki zuwa wancan.

Akwai waɗanda dokar ta ɗauke wa wannan nauyi: dukusan da ba su kai shekarun ba kuma ba a taɓa yin barbara da su ba, da dawakin da suka zo gasa na ɗan lokaci, muddin an keɓe su kuma ba za su kusanci barbara ba. Sai fiɗiyayyen doki, kuma a nan ne nake ganin ɓaraka. An ɗauka tunda ba ya barbara ba zai yaɗa komai ba, amma ɓarkewar da aka samu a wata gonar dawaki a Fulorida a 2024 ta fi shafar fiɗiyayyu, kuma an danganta ta da yadda ake wanke musu al'aura. Soso ɗaya, bokiti ɗaya, hannu ɗaya da ba a sauya wa safa ba sun isa. Don haka ko dokinka na cikin waɗanda aka yafe wa killacewar CEM, a ware masa nasa kayan wanki, mai wankin kuma ya sauya safar hannu kafin ya taɓa na gaba.