Zafin injin mota a cunkoso

Zafin injin mota a cunkoso, wanda direbobi da makanikai ke kira obahitin, yanayi ne da ruwan sanyaya inji ke yin zafi fiye da ƙima yayin da mota take tsaye ko tana ɗan gurgurawa a gosulo. Yawancin injinan zamani suna aiki ne tsakanin digiri 90 zuwa 105 a ma'aunin Salsiyos. Idan aka haura haka sosai, allurar ma'aunin zafi kan nufi ja, ruwa ya tafasa, top silinda, wato murfin saman inji, ya lanƙwashe, gasket ɗin da ke tsakaninsa da jikin inji ya ƙone.

Dalili

Kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin man da inji ke ƙonawa ne kawai ke tura mota. Sauran zafi ne, wani ya fita ta salansa, wani ruwa ya kwashe shi zuwa lagireto, inda iska ke sanyaya ruwan. A kan buɗaɗɗen titi, gudun mota kansa ke cusa iska cikin lagireto. A cunkoso wannan iska babu ita, famfon ruwa yana juyawa a hankali, iyakwandishan kuma yana zuba nasa zafin a gaban lagireto. Nauyin duka sai ya koma kan fanka.

Tarihi

Motar Karl Benz ta 1886 tana sanyaya injinta ne ta hanyar barin ruwa ya tafasa ya bi iska, don haka dole a riƙa ƙara ruwa a kai a kai. Wilhelm Maybach, injiniyan kamfanin Daimler a Jamus, shi ya kawo lagireto mai dubban ƙananan ramuka wajajen 1900, aka ɗora shi a kan Mercedes ta 1901. Wannan ne ya ba da damar ruwa kaɗan ya riƙa zagayawa ba tare da ya ƙare ba. Ford Model T, wadda ta fito a 1908, in ban da 'yan kaɗan na farko, ba ta da famfon ruwa ko ɗaya: ruwan zafi ya hau sama da kansa, mai sanyi ya sauko.

Daga baya aka samu ƙari uku da suka sauya al'amarin. Ruwan kulan mai sinadarin etilin gilaikol ya shiga kasuwa a shekarun 1920. Tamosta mai kaki, wadda ke buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto idan ya kai digiri 80 da wani abu, ana danganta ta da shekarun 1930. Sai murfin lagireto mai riƙe matsi, wanda ke ɗaga matakin tafasar ruwa zuwa wajen digiri 120. Mutane da yawa suna raina wannan murfi, alhali ƙaramin sifirin da robar da ke cikinsa su ke hana ruwa tafasa a ranar zafi.

Wasu kamfanoni sun kauce wa ruwa gaba ɗaya. Volkswagen Beetle, wadda aka riƙa harhaɗawa a Legas daga 1975, iska kawai ke sanyaya injinta. Tsofaffin motoci masu ruwa kuwa fambel, bel ɗin da inji ke ja, ke juya musu fanka, shi ya sa take rage gudu daidai lokacin da aka fi buƙatarta. Fankar lantarki ta yaɗu ne tun daga shekarun 1970, lokacin da aka koma kwantar da inji a gicciye.

Gano matsalar

Tambayar farko da ƙwararren bakanike ke yi ita ce yaushe allurar ke hawa. Idan a gosulo take hawa, da an samu hanya kuma ta sauko, zargi na kan fanka: fis, rile, na'urar jin zafi, ko ƙaramin injin lantarkin da ke juya fankar. Ana barin inji yana aiki a tsaye, a kunna iyakwandishan, a leƙa. A yawancin motoci fanka za ta tashi nan take. Idan kuma allurar tana hawa har a kan gudu ko hawan tudu, sai a duba toshewar lagireto, famfon ruwa da tamosta. Tiyon sama da ya zauna da sanyi alhali inji na ƙuna alama ce ta tamosta ta maƙale a rufe.

Ƙonewar gasket tana da nata alamomin: farin hayaƙi mai yawa daga salansa, kumfa a tankin ruwa, ruwa na raguwa ba a ga inda yake ɗiga ba, baƙin mai ya koma kamar shayi mai madara.

A arewacin Najeriya da Nijar, inda zafin Afrilu ke wuce digiri 40, ƙurar hunturu kan toshe haƙarƙarin lagireto ta waje, ruwan rijiya ko na burtsatse kuma ya bar tsatsa da gishiri ta ciki.

Matakin gaggawa da gyara

A kashe iyakwandishan, a kunna hita har ƙarshe don ta janye wani zafin, a sauka gefen titi a kashe inji. Kada a buɗe murfin lagireto sai inji ya huce, aƙalla bayan rabin awa, domin ruwan da ke ƙarƙashin matsi yakan fallatso ya saɓule fatar fuska da hannu. Zuba ruwan sanyi cikin inji mai ƙuna na iya tsaga shi.

Gyara yakan tsaya ne ga canza abin da ya lalace, wanke lagireto, zuba kulan da ruwa rabi da rabi, da fitar da iskar da ta maƙale a cikin bututu. Idan top ya lanƙwashe, sai an kai shi wurin masu injin goge ƙarfe kafin a sa sabon gasket.

Saɓani

A garejin Afirka ta Yamma an saba cire tamosta daga motocin da aka shigo da su daga Turai, a haɗa fanka dairet ta riƙa juyawa ba tsayawa, wani lokaci a sa lagireto mai layi biyu. Masu yi suna cewa ƙasar zafi ce. Kamfanonin ƙera motoci ba su yarda da cire tamosta ba, domin inji mai yawan sanyi ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa.