Warin kicin ɗinka ya shiga gidan maƙwabci, me doka ta ce?

Masu gidan abinci da masu gashin kifi da kaza a garin nan na Kaduna, tun daga Barnawa har Unguwar Rimi da Kawo, da yawansu gani suke in dai sun kafa fanka a bango tana tura hayaƙi waje to shi ke nan sun gama. Alhali wajen nan da ake tura hayaƙin galibi tagar ɗakin wani ce, ko tsakar gidan da ake shanyar kayan yara.

Masu hurumi a maganar nan sun fi ɗaya. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na huɗu, ya ba ƙananan hukumomi ikon sa ido kan gidajen abinci da gidajen burodi da duk inda ake sayar wa jama'a abinci, shi ya sa duba-gari ke da damar shigowa kicin ɗinka. A matakin jiha akwai KEPA mai kula da muhalli, da KASUPDA mai ba da izinin gini, wadda maganar maida gidan zama gidan abinci ke bi ta wajenta. A tarayya kuma akwai hukumar muhalli ta NESREA da aka kafa a 2007, tana da ƙa'idojin ingancin iska da na hayaniya. Bayan duk waɗannan, shi kansa maƙwabcin yana iya kai ka kotu kan cewa ka hana shi jin daɗin gidansa, ba sai ya jira wata hukuma ba.

Abin da ya kamata a gane shi ne, in ƙorafi ya taso ba rasit ɗin na'urar da ka sa a kicin ake dubawa ba, abin da ke isa hancin mutane ake dubawa. Yaya ƙarfin warin, sau nawa yake zuwa, da wane lokaci, kuma unguwar ta zama ce ko ta kasuwanci. Ƙamshin suya na minti goma da yamma daban, ƙaurin man da aka maimaita suya da shi tun azahar har sha biyun dare kullum daban. Yawanci duba-gari takardar gargaɗi yake fara bayarwa da wa'adin gyara, in ka yi kunnen ƙashi sai maganar ta kai kotu ko a rufe wurin.

To yaya ake gyaran? Abu uku ne ke fita daga kan murhu, tururin mai, hayaƙi, da wari, kuma kowanne da matacinsa, kuma jerin da aka sa su shi ne komai. Na farko faifan ƙarfe mai lanƙwasa-lanƙwasa a bakin rumfar da ke saman murhu, iska na karo da shi mai na maƙalewa yana gangarowa cikin ɗan tire. Na biyu na hayaƙi ne, ko filta mai ƙananan huji ko na'urar da ke kama ƙwayoyin hayaƙi da lantarki, masu gashi da gawayi su suka fi buƙatarta. Na uku ne na wari, wato kabon, wani gawayi na musamman mai tarin ƙananan ramuka da wari ke maƙalewa ciki. A nan ake yawan asarar kuɗi wallahi, mutum ya sayi kabon mai tsada ya sa shi ba matatar mai a gabansa, nan da nan mai ya toshe ramukan ya zama ba shi da amfani. Zafi da laima ma suna rage masa ƙarfi, saboda haka ba a manna shi dab da murhu. Sannan dole iska ta ɗan jima a cikinsa, in fanka ta yi masa ƙarfi iskar wucewa kawai za ta yi da warinta, kenan girman akwatin kabon da ƙarfin fanka tare ake lissafa su.

A Ingila ma'aikatar muhallinsu ta fitar da jagora kan wannan a 2005, ba dokarmu ba ce amma shawarar cikinta tana aiki ko'ina. Bututun fitar da hayaƙi ya miƙe sama ya wuce ƙolin rufi da aƙalla mita 1, iska ta fita da gudu tana kallon sama, kuma kar a ɗora masa hular kwano mai kama da malafa don maida hayaƙi ƙasa take yi. Mu kuma nan hular nan ce abu na farko da ake sa wa saboda ruwan damina. Akwai kan bututu da ke hana ruwa shiga ba tare da ya tare iska ba, in za ka ba da aiki a kasuwar maƙera ta Panteka ka yi wa maƙerin bayani tun kafin ya yanka ƙarfe, ka ce ya bar ƙofofi a jikin bututun da za a riƙa buɗewa ana kankare mai, don man da ke taruwa ciki shi ke haddasa gobara.

Kar kuma ka magance wari ka jawo ƙorafin ƙara, fankar da ke girgiza bangon maƙwabci da dare ita ma damuwa ce. A ɗora ta kan roba, a bar wa kicin hanyar shigar sabuwar iska, in ba haka ba fankar kuka kawai za ta yi ba ta zuƙar komai. A haɗa ta da janareto, don in an ɗauke wuta gas da gawayi ba sa tsayawa.

Faifan mai a wanke shi akai-akai, kabon kuma ba a wanke shi, canza shi ake yi bayan wata huɗu zuwa shida, ko ƙasa da haka in gashi ya yi yawa. Ka ajiye ɗan littafi kana rubuta ranar wanki da ranar canji da rasit, in duba-gari ya zo da takardar ƙorafi shi za ka fara miƙa masa.