Me ake nufi da "fotin" a duniyar manhaja?

A 'yan kwanakin nan kalmar fotin ta cika bakin masu magana kan fasaha, har ana jin mai gabatar da shiri yana cewa ya yi fotin ɗin wata manhaja zuwa kwamfutarsa, alhali bai yi komai ba face sauke ta ya girka. Wannan ba fotin ba ne. Fotin shi ne gyara kod ɗin manhaja domin ta yi aiki a kan tsarin sarrafa kwamfuta, ko irin na'urar da ba don ita aka rubuta ta ba tun farko.

Kuskuren da ya fi damuna kuwa daga masana yake fitowa, waɗanda da zarar sun ga yaren kwamfuta, wato yaren da ake rubuta manhaja da shi, ya buga gajeriyar gaisuwa a allo a kan sabon tsari sai su yi shelar cewa an gama fotin.

Mu ɗauki Haiku, buɗaɗɗen tsarin sarrafa kwamfuta, wanda kowa zai iya ganin kod ɗinsa, da aka soma a 2001 da sunan OpenBeOS domin ya gaji wani tsohon tsari mai suna BeOS, aka sauya masa suna a 2004. Wanda yake son ya kai wani yare mai ƙarancin mabiya zuwa can zai fara cin karo da kwamfaila, wato manhajar da ke mayar da kod abin da na'ura za ta iya aiwatarwa. Yaruka da yawa da kansu aka rubuta kwamfailarsu, saboda haka ba za a iya gina ta a Haiku ba sai akwai wata kwamfailar yaren da ta riga ta yi aiki a Haiku, ita kuwa babu ita. Ko babban yare irin Go haka yake tun fitowar 1.5 a 2015, lokacin da aka mayar da kwamfailarsa daga yaren C zuwa Go. Mafitar da aka saba bi ita ce a zauna a kan tsarin Linux a koya wa kwamfailar yadda za ta haɗa shirin da Haiku zai karɓa, sannan a ɗauke shi a kai can. Yaren Nim ya samu sauƙi a nan, domin yana juya kod ɗinsa zuwa C, kuma kusan kowane tsari yana da kwamfailar C.

Gaisuwar nan da ake murna da ita a wannan mataki take fitowa, alhali babban aikin yana gaba. Haiku yana bin ƙa'idojin POSIX sosai, wato ƙa'idojin bai-ɗaya da tsare-tsare irin Linux ke bi, amma ba Linux ba ne. Ba shi da epoll, hanyar da Linux ke bi wajen sa ido kan haɗin intanet da yawa lokaci guda, ayyukansa na sadarwa suna cikin wani ɗakin kod daban mai suna libnetwork, kuma fayilolin tsarin suna ƙarƙashin /boot/system. Duk inda marubutan yaren suka ɗauka cewa kowa Linux yake amfani da shi, sai an bi layi-layi an gyara, an kuma sake gudanar da gwaje-gwajen yaren har su wuce.

A ganina aikin ya fi kama da dashen itace, wanda ba a cewa ya kama sai ya jure rani. Idan masu yaren ba su karɓi gyaran cikin ainihin kod ɗinsu ba, fitowa ta gaba tana iya rusa komai, kuma sau da yawa mutum ɗaya ne ɗan sa-kai yake riƙe da aikin, yana sabunta umarnin ginawa a HaikuPorts, rumbun da ake ajiye umarnin gina manhajojin Haiku, duk lokacin da sabon samfurin yaren ya fito. Kafin in yarda an yi fotin ɗin yare, nakan tambayi abu biyu: shin gwaje-gwajensa suna wucewa a sabon tsarin, kuma wa zai gyara shi idan ya lalace?