Tambayoyi da amsoshi kan ɗanɗanon giyar inabi a lokacin cin abinci

Yaya ake shirya zaman ɗanɗana giyar inabi?

Abokai sukan haɗa kwalabe uku zuwa biyar, a zuba wa kowa kaɗan daga kowace ɗaya, kamar mililita 50, ta yadda kwalba mai mililita 750 za ta iya isar mutum 15. Akan fara da farar giya kafin ja, marar nauyi kafin mai nauyi, a bar mai zaƙi zuwa ƙarshe, domin harshen da ya riga ya ɗanɗani zaƙi yakan ji duk abin da ya biyo baya da tsami fiye da yadda yake. Farar giya ana son ta da sanyi, tsakanin digiri 7 zuwa 12, ja kuwa tsakanin 15 zuwa 18.

Me ya sa ake kaɗa kofin a shinshina kafin a kurɓa?

Harshe abu biyar kawai yake ganewa: zaƙi, tsami, gishiri, ɗaci da kuma gardin nan na nama da ake kira umami. Sauran abin da mutane suke kira ɗanɗano aikin hanci ne, shi ya sa mai mura yake jin abinci salam. Kaɗa kofin yana sa ƙamshin ya tashi ya taru a bakin kofin.

Don me ake rufe sunan da ke jikin kwalba?

Wannan ita ce ƙa'idar da nake ganin ta fi kowace muhimmanci, domin ido da kunne sukan riga baki yanke hukunci. A shekarar 2001 masu bincike a Jami'ar Bordeaux da ke Faransa, ciki har da Frédéric Brochet, sun rina farar giya da jan launi marar ƙamshi, suka ba ɗalibai 54 masu nazarin harkar giyar inabi, sai ɗaliban suka yi ta siffanta ta da kalmomin da ake siffanta jar giya da su. Kafin nan, ranar 24 ga Mayun 1976, wani ɗan Ingila mai sayar da giya, Steven Spurrier, ya tara alƙalai Faransawa a birnin Paris, ya jera musu giyar Faransa da ta jihar Kalifoniya da ke Amurka ba tare da sun ga sunayen ba. Da aka tattara maki, sai ga Chateau Montelena a kan gaba a ɓangaren farar giya, Stag's Leap Wine Cellars kuma a ɓangaren ja, dukansu daga Kalifoniya, har ɗaya daga cikin alƙalan, Odette Kahn, ta nemi a mayar mata da takardar makinta. Idan ƙwararru za su iya ruɗuwa haka, ina ga abokai da suka ji mai gida ya faɗi nawa ya sayi kwalbar? Saboda haka ake naɗe kowace kwalba da takarda, a sa mata lamba, kowa ya rubuta ra'ayinsa kafin wani ya buɗe baki, domin da zarar mai faɗa a ji ya yabi lamba biyu, saura sukan bi yarima a sha kiɗa.

Shin abinci yana sauya ɗanɗanon giya da gaske?

Ƙwarai kuwa. Jar giya tana ɗauke da sinadarin tanin daga ɓawon inabi da ƙwayarsa, wanda yake kama sinadaran gina jiki da ke cikin yawu, sai mutum ya ji bauri, dasashi ya bushe kamar ya ciji ɗanyen 'ya'yan itace. Wanda ya kurɓa ya ji wannan bauri, sannan ya tauna yankan nama mai kitse ya sake kurɓa, zai ga giyar ta yi laushi kamar an sauya kwalba. Gishiri ma yana rage ɗaci, barkono kuma yana ƙara zafin barasa a maƙogwaro. Don haka adalci shi ne a ɗanɗana kowace giya sau biyu, kafin loma da bayanta, a riƙa kurɓar ruwa a tsakani.

Me ya sa ƙwararru suke tofarwa?

Yawancin giyar inabi tana da barasa kashi 12 zuwa 15 cikin ɗari, kuma kurɓi kaɗan kaɗan daga kwalabe biyar yakan taru ya dusashe hanci da tunani tun ba a kai ta ƙarshe ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a Janairun 2023 cewa babu wani adadin barasa da za a ce ba shi da illa ga lafiya. Shi ya sa ya kamata a ajiye mazubin tofarwa a kan teburi, kada a matsa wa wanda ya ce ba ya sha, a kuma san wanda zai tuƙa mota tun kafin a buɗe kwalbar farko.