Lalacewar fayilolin manhajar tsara ɗab'i da yadda ake magance ta

Manhajar tsara ɗab'i ita ce wadda ake amfani da ita a kwamfuta wajen jera rubutu da hotuna a shafi kafin a kai aikin maɗaba'a, ko littafi ne, ko mujalla, ko kalanda, ko katin ɗaurin aure. Kamfanin Aldus na Amurka ne ya buɗe wannan fage da PageMaker a 1985, sai QuarkXPress ta biyo baya a 1987, Microsoft Publisher a 1991, sannan InDesign ta kamfanin Adobe a 1999. CorelDRAW, wadda ta fito daga Kanada a 1989, asalinta ta zane ce, amma a Najeriya ita ce akasarin masu ɗab'i suka riƙe har wajen tsara shafuka. Kowace daga cikinsu tarin fayiloli ce masu dogaro da juna, kuma idan ɗaya ya gurɓace ko ya ɓace, manhajar takan ƙi buɗewa ko ta riƙa rufe kanta ana tsakiyar aiki.

A Legas, matsalar ta shafi masu ƙananan shagunan tsara ɗab'i a unguwannin da Hausawa suke da yawa, irin su Agege, Idi-Araba da Mile 12, inda ake shirya fostar Maulidi, kalandar saukar Alƙur'ani ta makarantun Islamiyya da katunan biki, sannan a kai su Shomolu ko Mushin a buga. Irin wannan aiki ranarsa a yanke take, don haka tsayawar manhaja ta yini ɗaya kan jawo asarar kuɗi da ɓacin suna a wurin mai aiki.

Dalilan lalacewa

Babban dalili shi ne ɗaukewar wuta a daidai lokacin da kwamfuta take rubuta wani abu a faifan ajiyarta, musamman lokacin girka manhaja ko sabunta ta, domin fayil ɗin yakan tsaya rabi a rubuce. Kwamfutar tebur da ba ta da na'urar UPS, wato batirin da ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci idan an ɗauke wuta, ta fi fuskantar wannan, kuma ɗan tsakanin ɗauke wuta da tayar da janareta ya isa ya yi ɓarna. Dalili na biyu shi ne tsufan faifan ajiya, wanda wasu sassansa kan daina riƙe abin da aka rubuta. Akwai kuma ƙwayoyin cutar kwamfuta da ke yawo a filashi daga shago zuwa shago, waɗansu daga cikinsu, kamar Sality, suna shiga cikin fayilolin manhaja su sauya su. Wani lokaci ma manhajar rigakafi ce take tsare wani fayil saboda ta yi zarginsa, sai manhajar ɗab'in ta neme shi ta rasa. Wannan ya fi faruwa da kwafin sata, wanda dama an taɓa fayilolinsa don a kauce wa biyan lasisi, kuma ba shi da hanyar gyara ta halal daga kamfanin da ya ƙera shi.

Gano inda laifin yake

Nan ne aka fi yin kuskure, domin abubuwa huɗu daban suna ba da alama iri ɗaya: fayilolin manhajar kanta, fayil ɗin da take ajiye zaɓuɓɓukan mai aiki, takardar aikin da ake tsarawa, da fayilolin salon haruffa. Gaggawar ɗaukar kwamfuta zuwa kasuwar kayan kwamfuta ta Computer Village a Ikeja a ce a goge ta gaba ɗaya sau da yawa ɓata lokaci ne, kuma ayyukan mutane da aka tara shekaru kan salwanta a cikin haka.

Gwajin farko mai sauƙi ne. Idan manhajar ta buɗe sabuwar takarda lafiya, amma ta rufe duk lokacin da aka buɗe wani aiki guda, to laifin na wannan aikin ne ba na manhaja ba. A InDesign, idan an samu ya buɗu, akan fitar da irin wannan aikin a tsarin IDML, wani nau'in fayil na InDesign, a sake buɗe shi, abin da yakan share gurɓataccen ɓangaren, a CorelDRAW kuwa akan nemi kwafin da take ajiyewa da kanta, wanda sunansa yake farawa da Backup_of, ko a shigo da abin da ke cikin tsohon aikin cikin sabuwar takarda.

Idan kuwa manhajar ba ta buɗewa sam, sai a gwada mayar da zaɓuɓɓukanta yadda suka zo daga kamfani. A CorelDRAW ana danne maɓallin F8 yayin da ake buɗe ta, a InDesign ta Windows ana danne Ctrl da Alt da Shift tare, a Publisher kuma danne Ctrl yana buɗe ta a yanayin kariya. Matsaloli da dama da ake ɗauka na lalacewar manhaja ne a nan suke ƙarewa.

Sai bayan waɗannan sun gaza ne ake zargin fayilolin manhajar. Saƙon da ya ce an rasa wani fayil mai ƙarewa da DLL, kamar MSVCP140.dll ko VCRUNTIME140.dll, yana nuna ɓangaren Visual C++ na Microsoft, wanda manhajoji da dama suke dogaro da shi, ne ya samu matsala, kuma maganinsa shi ne sake girka wannan ɓangaren daga shafin Microsoft. Sauko da fayil ɗin DLL guda daga wani shafin intanet da ba a sani ba haɗari ne, domin ta nan cuta take shiga, kuma cakuɗa fayilolin da aka yi don tsarin 32-bit da waɗanda aka yi don tsarin 64-bit yakan haifar da kuskuren 0xc000007b. A Windows akwai kundi mai suna Event Viewer da ke rubuta sunan fayil ɗin da manhaja ta faɗi a kansa, kuma duba shi yana rage lalube sosai.

Gyara

Tsarin da ya fi dacewa shi ne a fara da duba lafiyar faifan ajiya da umarnin chkdsk, sannan a gudanar da sfc /scannow, wanda yake gyara fayilolin Windows kanta, ba na manhajar ɗab'i ba. Daga nan sai a yi amfani da zaɓin gyara da ke cikin jerin manhajojin da aka girka. Microsoft Office, wadda Publisher ta fito a cikin jerin manhajojinta, tana da gyaran gaggawa da kuma cikakken gyara ta intanet. Idan hakan bai yi ba, a cire manhajar, a sake kunna kwamfuta, a girka ta daga kwafi mai tsabta. Adobe tana da Creative Cloud Cleaner Tool don share ragowar da cirewa ta yau da kullum take bari. Wajibi ne a kwashe ayyuka da salon haruffa zuwa wata ma'ajiya kafin a fara duk wannan. Idan lalacewar ta dawo bayan 'yan kwanaki, to mai yiwuwa faifan ne yake mutuwa ko cuta tana nan, kuma sake girkawa sau goma ba zai hana ta dawowa ba.

Haruffan Hausa da tsofaffin manhajoji

Masu tsara rubutun Hausa suna da wata matsala tasu da ake yawan ɗora wa lalacewar manhaja bisa kuskure. Idan ƙ, ɗ ko ɓ suka fito a matsayin akwati ko alamar tambaya, yawanci salon haruffan da aka zaɓa ne ba shi da su, ko kuma an rubuta aikin da tsohon salon da aka ƙera kafin tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa ta bai-ɗaya a kwamfuta, ya yaɗu. PageMaker, wadda fitowarta ta ƙarshe ita ce 7.0 a 2001, ba ta aiki da Unicode, kuma ba a gina ta don Windows na yanzu ba, saboda haka yawan faɗuwarta a sababbin kwamfutoci rashin jituwa ne, ba gurɓacewa ba. Amma fayil ɗin salon haruffa da ya lalace da gaske yana iya hana manhaja buɗewa, kuma ana gano shi ta hanyar cire waɗanda aka girka kwanan nan, a riƙa mayar da su kaɗan-kaɗan har mai laifin ya bayyana. Bayan kowane gyara, ya kamata a fitar da aikin a tsarin PDF tare da salon haruffansa a ciki, a duba haruffa masu lanƙwasa da rubutun Larabci ko ajami shafi bayan shafi kafin a tura shi maɗaba'a.