Ma'anar Shaci a Sassaƙar Sabulu

Shaci, a wajen mai koyon sassaƙar sabulu, shi ne siraran layukan da ake ja a fuskar sabulu kafin wuƙa ta fara aiki, domin su nuna wa hannu inda zai bi da inda zai tsaya. Kalmar daga shata ta fito, kamar yadda tela yake shata yadi da alli kafin ya sa almakashi, sai dai shi sabulu ba ya karɓar alli, saboda haka karce shi ake yi da tsinken sakace ko bakin allura.

Sana'ar ta yi suna a Tailan, inda ake sassaƙa furanni da sabulu ana sayarwa a kasuwannin dare na Chiang Mai, sannan a Amurka kamfanin Procter & Gamble ya fara shirya gasarta a 1924 da sabulunsa na Ivory. Fure kuwa shi ne aikin da ya fi tona asirin wanda bai shata ba, domin ganye ɗaya da ya fi sauran faɗi yakan karkatar da furen gaba ɗaya.

Da farko ana kankare tambarin kamfani har fuskar ta yi sumul. Daga nan sai a ɗora rula daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, a ja layi, a maimaita ta ɗaya ɓangaren. Inda layukan suka gitta juna nan ne cibiya. Idan an ƙara layi ɗaya a tsaye da ɗaya a kwance ta cibiyar, fuskar ta rabu gida takwas, kowane gida digiri 45, muddin tsawon sabulun da faɗinsa ɗaya ne. A kan dogon sabulu digirin gidajen ba ya zuwa daidai, kuma nan ne sabon shiga yakan ruɗe.

Abin da ya fi wuya shi ne sassauta hannu. Layi mai zurfi tabo ne da ba ya goguwa sai an kankare fuskar duka, shi ya sa ake jansa sau ɗaya tak, sama-sama, yadda sai an karkata sabulun wajen haske kafin a gan shi. Dole yatsun da suka danne rula su kasance a bushe, tun da jiƙaƙƙen sabulu santsi gare shi, wanda ya daɗe a ajiye kuma ɓantarewa yake yi a ƙarƙashin tsinke.